Naman Rago Mai Sakin Ƙashi Irin na Meziko, a Tukunyar Malanville

A teburin mahauci cinya ce ke fara ƙarewa. Kowa tsoka yake so, jan nama marar jijiya wanda zai yi kyau a faranti in an soya. Wuya da kafaɗa da ƙwauri su ne ke kaiwa la'asar, a kasa su kashi-kashi a sayar wa mai miya. To, girkin da zan kwatanta miki, uwargida, da waɗannan ragowar ake yin sa, kuma wadda ta sa cinya a cikinsa ta yi asarar kuɗinta da gawayinta.

Girkin na mutanen Meziko ne. A can suna da dahuwar nama iri-iri da ake bari a kan wuta marar ƙarfi na tsawon sa'o'i, har naman ya saki ƙashi don kansa, sannan a yayyaga shi zare-zare a ci da fallen wainar masara da suke kira tortilla. Waɗanda suka fi suna a waje, carnitas ta jihar Michoacán da cochinita pibil ta yankin Yucatán, da alade ake yin su. Wannan ba cimarmu ba ce, kuma ba sai mun wahalar da kanmu wajen neman abin da za mu musanya ba, domin a ƙasar dai akwai barbacoa ta jihar Hidalgo da ake yi da rago, akwai kuma birria ta Jalisco wadda asalinta naman akuya ne. Tumaki da awakin nan Sifaniyawa ne suka kai su a ƙarni na 16, suka tarar 'yan ƙasa na da barkono da tumatir da masara da ramin gashi tun kaka da kakanni. A Hidalgo har gobe rami ake haƙawa, a hura itace har duwatsun ciki su yi jawur, a ajiye tukunyar ruwa da shinkafa a ƙasa, a ɗora naman a samanta naɗe cikin faffaɗan ganyen maguey, a binne da ƙasa a bar shi ya kwana. Da safe a tone, ga nama ga romon da ya ɗiga cikin tukunya.

Mutumin Malanville ba shi da abin nema daga nesa in zai yi wannan. Kasuwar garin ita ake lissafawa ta biyu a Jamhuriyar Benin bayan Dantokpa ta Kwatano, albasa kuwa a fadamun bakin kogin Neja ake noma ta, buhu-buhu ake loda ta zuwa kudu. Dabbobi na zuwa daga rugage da kasuwar Guéné da ke kan hanyar Kandi. Busasshen tattasai na Difa, wanda yake da zaƙi da launi ba tare da yaji mai yawa ba, shi ne ya fi kusa da busasshen barkonon guajillo da 'yan Meziko ke yin haɗinsu da shi. Rufe gadar Gaya, wadda ta haɗa garin da Nijar, da ya biyo bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 ya sa kaya da yawa suka koma bin kwalekwale, kuɗinsu ya tashi, amma tattasai takwas ba za su karya gida ba.

Wajen mahauci

Abin da ke sa nama tauri shi ne jijiya da farin tantanin da ya ratsa tsoka. A wuta mai ƙarfi suna ƙanƙancewa su matse ruwan naman ya fita, shi ya sa tsohon bunsuru ke gagarar haƙori in an soya shi. Amma idan zafin cikin naman ya haura digiri 70 ya daɗe a haka, jijiyar kan narke ta koma wani ruwa mai danƙo, irin wanda kike gani a farfesun ƙafar sa idan ya huce ya daskare. Wannan danƙon shi ke lulluɓe kowane zaren nama ya hana shi bushewa. Cinya ba ta da shi sosai, don haka in ta daɗe a wuta sai ta yi gautsi ta bushe ko da tana iyo cikin ruwa. Kafaɗa da wuya su suka yi aikin ɗaukar dabbar duk tsawon rayuwarta, su ke da jijiya da kitse a tsakanin tsoka.

Ki je da safe, nama bai sha rana da ƙuda ba. Ki ce masa, "Sarkin fawa, kafaɗa nake so da ƙashinta, a haɗa mini da wuya, kilo biyu. Kada a sare ƙanana." Zai kalle ki ya ce, "Hajiya, ga cinya mai kyau fa." Ki tsaya a kan bakanki. Abu biyu za ki sa wa ido. Na farko, gunduwa manya kike so, kowace ta kai girman dunƙulen hannu ko ta fi, don ƙanana kan dagargaje tun kafin jijiyarsu ta narke. Na biyu, mahautanmu da adda suke saran ƙashi, shi kuwa ƙashin rago tsagewa yake yi ya bar 'yan tsinke masu kaifi. A miya ana ganinsu a tsame. A yagaggen nama ɓuya suke yi, sai sun shiga dasashin yaro. Ki roƙe shi ya raba ta gaɓa da wuƙa, in kuwa ya riga ya sara, ki bi kowace gunduwa da yatsa lokacin wanki.

Kada ki bari ya kankare kitsen duka. Wanda ya yi kauri a waje a rage, na cikin tsoka a bar shi. Taure ma ya yi, har wasu sun fi son sa da rago. Bunsuru dai ƙaurinsa ba ya ɓuya ko an zuba masa kayan ƙamshin duniya. Mai son naman sa ta nemi ƙirji ko ƙwauri, ta ƙara wa dahuwar awa guda. Ki sani kuma kilo biyu da ƙashi kusan rabinsa za ki samu bayan an tsame ƙashi kitse ya narke, abin da zai ishi mutum shida zuwa takwas in akwai abin haɗawa.

Haɗin tattasai

Ga kilo biyu, ki tanadi busasshen tattasai takwas, busasshen barkono biyu ko uku gwargwadon ƙarfin bakin mutanen gidanki, tumatir uku, albasa manya biyu, tafarnuwa kai guda, kanumfari ƙwaya huɗu, masoro ƙaramin cokali, ɗan guntun kirfa, citta kaɗan, ganyen loriye uku, da ɗan tayim a madadin wani ganyen ƙamshi da suke sawa a can. In kin samu kumin wajen masu kayan ƙamshi, ƙaramin cokali ɗaya, shi ke ba girkin ƙamshinsa na asali. Sai lemon zaƙi biyu, lemon tsami uku, da gishiri babban cokali ɗaya. 'Yan Yucatán suna da wani lemo mai tsami da ɗan ɗaci, haɗa zaƙi da tsamin nan shi ke tsayawa a madadinsa. Lokacin da lemo ya yi wuya, jiƙaƙƙiyar tsamiya rabin kofi ta wadatar.

A nan ne za ki nutsu, don daɗin girkin duka daga wannan matakin yake fitowa. Ki tsaga tattasan ki kakkaɓe 'ya'yan. Ki ɗora busasshen kasko a wuta ba mai, ki shimfiɗa su ciki, ki danna da bayan ludayi. Cikin ɗan ƙanƙanin lokaci za ki ga fatar ta kumbura, launin ya ɗan juya, ƙamshi mai kama da na gasasshiyar gyaɗa ya tashi. Ki juya, ki sauke nan take. In kika bari ya yi baƙi, ɗaci ya shiga, kuma babu sukarin da zai fitar da shi, gara ki zubar ki sake. Ki zuba masu ruwan zafi su jiƙa na minti 20 har su yi laushi. A kaskon nan dai ki gasa tumatir da albasa da kika raba biyu da tafarnuwa da ɓawonta, har su yi tabon baƙi a jiki. Su baƙin ba ya cutar da su. Ki ɓare tafarnuwar, ki haɗa komai da kayan ƙamshin da ruwan lemon ki markaɗa, ko ki daka a turmi ki tace. Kaurin haɗin ya zama yana kama bayan cokali.

Ki shafe naman da gishiri, ki cuɗa shi da haɗin ya shiga ko'ina. Mai firij ta rufe ta bar shi ya kwana a ciki. Wadda ba ta da shi kada ta wuce rabin awa, musamman daga Maris zuwa Mayu da zafin garin nan ke haura digiri 40. Ba wata babbar asara ba ce, dahuwa mai tsawo za ta shigar da ɗanɗanon.

Magi ban hana ba, amma ki dakata sai an yaga naman kin ɗanɗana. Sau da yawa za ki ga ba a bukatarsa. Kanwa kuwa kada ta kusanci tukunyar nan, tana sa naman ya yi santsi ya canja launi, ga shi tana kashe tsamin da kika sha wahalar haɗawa. Masu jefa ƙwayar farasitamol a tukunya don nama ya yi saurin nuna, abin da hukumomin lafiya suka sha yin gargaɗi a kansa, lafiyar mutane suke wasa da ita.

Wuta

Akwai tukunyar lantarki da aka ƙera don irin wannan dahuwar: kwanon tangaran mai kauri a cikin gidan ƙarfe, wuta na ɗumama shi a hankali ta gefe da ƙasa. Wani Ba'amurke, Irving Naxon, ya sami takardar mallakar fasaharta a 1940, bayan ya ji labarin wani faten wake da Yahudawan Lituweniya ke bari ya kwana a tanderun mai burodi. Kamfanin Rival ya saye ta, ya fito da ita da sunan Crock-Pot a 1971. Ba ta cin wuta sosai, yawancinsu wat 200 zuwa 300 ne. In kin gamu da ita a kayan gwanjon da ke hawowa daga Kwatano, ki juya ƙasanta ki karanta kafin ki biya. Ta Turai 220 ce, daidai da wutarmu. Ta Amurka 110 ko 120 ce, kina jona ta ba taransifoma za ta ƙone.

Yadda ake yi da ita ba wuya. Ki yanka albasa guda ki shimfiɗa a ƙasa, ki jera naman, ki juye ragowar haɗin da ruwa kofi ɗaya tak. Hannu zai so ya ƙara, ki hana shi, naman zai fitar da nasa ruwan kuma murfin ba ya barin tururi ya tsere. Tukunyar ta cika rabi zuwa kashi biyu cikin uku. A ƙaramar wuta awa takwas zuwa goma, a babba biyar zuwa shida. Kada ki sa daskararren nama daga firiza, zai daɗe da ɗumi-ɗumi kafin ya ɗauki zafi, a nan ne ƙwayoyin cuta ke hayayyafa. Kada kuma ki riƙa buɗewa kina leƙe, kowane buɗi zafi yake zubarwa, ita kuwa ba ta da ƙarfin maido shi da wuri.

Matsalarta ɗaya, kuma babba ce: tana son wutar da ba ta yankewa awa takwas. In aka ɗauke kina gida, ki juye a tukunyar ƙarfe ki ƙarasa a gawayi ko gas. In kuwa kin jona kin tafi kasuwa, kin dawo kin tarar ta huce ba ki san tun yaushe ba, naman nan bai ciwuwa, ko da bai yi wari ba. Tsakanin digiri 5 da 60 nama ba ya son ya wuce awa biyu. Saboda haka ni a ganina ga mafi yawan gidajenmu gawayi ya fi ta aminci, kuma ɗanɗanonsa ma ya fi kusa da na ramin Hidalgo.

Ki samu tukunya mai nauyi, ta dalma irin ta maƙera ko ta ƙasa. Ki shimfiɗa ganyen ayaba a ciki, bayan kin ɗan nuna shi ga wuta ya yi laushi don kada ya tsage. Ki jera naman, ki zuba ruwa kofi biyu a nan, ki naɗo bakin ganyen ya rufe shi, ki kifa murfi. In murfin ba ya zama daram, ki kwaɓa ɗan fulawa ki liƙe bakin. Ki bari ya tafaso sau ɗaya a wuta sosai, sannan ki kwashe yawancin garwashin, ki yayyafa wa sauran toka, ki ɗora 'yan ƙwaya biyar ko shida a kan murfi. Da kunne za ki auna wutar. Ki kara shi kusa da tukunya: ɓul, sai shiru, sai wani ɓul. In kin ji tana ɓararraka, wuta ta yi yawa, ki janye garwashi. In kin ji tsit, ki ƙara biyu. Duk bayan rabin awa ko fiye kaɗan za ki ƙara gawayi. Awa uku da rabi zuwa huɗu ya isa ga rago.

Akwai hanya ta uku ga mai tattalin gawayi. A tafasa cikakkiyar tukunya sosai na minti 40, a sauke a cusa ta cikin kwando ko kwali da aka cika da tsummoki ko buntun shinkafa, wanda ba a rasa shi a garin masu noman shinkafa, a lulluɓe da bargo. Bayan awa huɗu a fito da ita a sake tafasawa na kwata, in bai yi ba a mayar. Da ƙaramar tukunya ko wadda ba ta cika ba abin ba ya yi, saurin hucewa take.

Agogo dai ba shi ne alƙali ba. Ki kama ƙashin kafaɗa ki ja. In ya zare fes ba tsoka a jikinsa, ya yi. In ya yi gardama, ki rufe ki ba shi rabin awa. Naman da ya yi tauri a awa ta uku bai nuna ba ne, ba wucewa ya yi ba.

Ki tsame shi a faranti mai faɗi ya sha iska na kwata. Ki cire ƙashi da guringuntsi, ki yayyaga da cokali mai yatsu biyu ko da hannu mai tsabta. Wadda ta saba dambun nama hannunta zai nufi turmi, amma a nan ba a daka, ba a kuma soyawa har ya bushe. Dambu don ajiya ake yin sa, wannan don ci da ɗumi ne, a bar shi da 'yan manyan sala da ke nuna nama ne. Romon ki bar shi ya kwanta, jan maiƙo zai taso, ki kwashe shi a kofi ki ajiye. Rabin romon ki tafasa shi ba murfi har ya yi kauri, ki juye a kan naman ki cakuɗa, sannan ki ɗanɗana gishiri da tsami. Sauran rabin ki tsinka shi da ruwa kaɗan, ki zuba dafaffiyar shinkafa da yankakkiyar albasa, a sha a kofi kusa da naman yadda suke yi a can.

Mataki na ƙarshe shi ne wanda masu gaggawa ke tsallakewa. Ki zuba cokali biyu na jan maiƙon nan a kasko mai zafi, ki baza naman, ki ƙyale shi kada ki juya har ƙasan ya yi ƙanzo. Gefe ɗaya kawai. Sai ya zama cokali guda na ɗauke da mai ƙaras-ƙaras da mai laushi tare.

Nama mai maiƙo haka yana ginsa in ba abin da zai yanke shi, kuma a nan albasar garin ke yin aikinta. Jar albasa ake so, irin ta Galmi mai launin shunayya, wadda da rani takan yi arha har a rasa inda za a kai ta. Ki yanka manya biyu siriri sosai, ki zuba masu tafasasshen ruwa, ki ƙirga goma ki tsane. Wannan ke cire zafin da ke hawa hanci ba tare da ta yi laushi ba. Ki matse lemon tsami huɗu a kai, gishiri ƙaramin cokali, attaruhu guda yankakke. Ki danna ta nutse cikin ruwan lemon. Bayan rabin awa za ki ga ta juye ta koma ruwan hoda mai haske, tsamin ne ya taɓa launin da ke jikinta. Ki yi ta tun naman na kan wuta. A kwalba cikin firij takan yi mako, kuma za ki tarar 'yan gida na satar ta suna ci da wake da shinkafa.

Tortilla ta gaske da masarar da aka dafa da farar ƙasa ake yin ta, aiki ne na daban. Ba dole ba ce. Dogon burodin nan na bakin tasha, a tsaga shi a ɗan shafa jan maiƙo a gasa, ya ɗauki naman da albasar da kyau. Haka gurasa, haka sinasir, haka masa mai ɗan tsami. A kan farar shinkafa ko dambun zogale ma ya zauna. Tuwo ne kaɗai ban ga ya dace ba, sai dai in romon za a mayar miya.

Da babbar salla, lokacin da wuya da kafaɗa ke taruwa an rasa yadda za a yi da su ban da suya, tukunya guda ta wannan za ta ciyar da masu yawon salla yini guda. Sai dai ki tuna ba soyayyen nama ba ne da zai yi wata a cikin mai. Abin da ya rage ki juye a faranti marar zurfi ya huce da wuri, ya shiga firij kafin awa biyu, a cinye cikin kwana uku ko huɗu. A firiza yakan yi wata uku in an ƙulla shi da ɗan romonsa. Inda babu sanyi, ki soya ragowar a maiƙonsa har ruwan ya tsotse ƙaf, ki zuba yaji, kin mayar da shi dambu ke nan.